Manhajata tana rushewa idan na goge abin da DLL ya ƙirƙira

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ina fama da wata matsala a harshen shirya manhaja na C++ a kan Windows. DLL ɗina (fayil ɗin code na daban da manhaja ke kira yayin aiki) yana ƙirƙirar abu a ma'ajiya da umarnin new, ya miƙo wa manhaja adireshinsa. Komai lafiya lau har sai na kira umarnin delete don goge abin daga ɓangaren manhajar, nan take ta rushe.

DLL ɗin da manhajar duka da /MTd na harhaɗa su (zaɓin da ke sa wa kowanne nasa kwafin runtime, wato code ɗin da ke kula da ma'ajiya), shi ya sa nake zargin kowanne yana riƙe da nasa lissafin ma'ajiya. Da na koma /MDd (inda suke amfani da runtime ɗaya tare) matsalar ta ɓace, amma hankalina bai kwanta ba, domin wasu za su kira DLL ɗin daga manhajar da suka harhaɗa da wata sigar Visual Studio (kayan aikin harhaɗa code) daban.

Shin in sa aikin gogewa cikin DLL ɗin, wanda ya ƙirƙira shi ya goge? To std::string (nau'in da ke riƙe rubutu a C++) fa, da kowane ɓangare kan iya ƙara masa tsawo? Don Allah a taimaka.