Tsibirin Principe: akwai abin gani ban da bakin teku?

Mai Neman Hutu:
Assalamu alaikum. Ina da niyyar yin mako guda a tsibirin Principe da ke mashigin tekun Gini, domin an ce mini har yanzu manyan otal-otal da cunkoson masu yawon buɗe ido ba su mamaye shi ba. Waɗanda suka taɓa zuwa, ban da zama a bakin teku, akwai abin da zai riƙe mutum har kwana bakwai?

Tsohon Matafiyi:
Wa alaikumus salam, Malam. Akwai, amma sai ka yarda ka bar yashi ka hau tudu. Shirun da ake yabon tsibirin da shi, a ganina, shirun tsofaffin gonakin koko ne, waɗanda ake kira rosa, da Turawan Fotugal suka kafa, inda leburorin da aka kwaso daga Angola da Mozambik da Kef Bade suka yi aiki cikin halin da bai yi nisa da bauta ba. Bayan ƙasar Sao Tome da Principe ta samu 'yancin kai a 1975 yawancinsu sun durƙushe, daji ya cinye rumbuna da layin dogon da ake jan koko a kai, jikokin leburorin kuma suna zaune a wasu gine-ginen har yau.

Kada ka dawo ba ka je gonar Sundy ba. A nan ne Arthur Eddington, masanin taurari ɗan Birtaniya, ya ɗauki hotunan kusufin rana na 29 ga Mayu, 1919, waɗanda suka nuna cewa hasken taurari yana lanƙwasa idan ya gifta kusa da rana, kamar yadda Einstein ya yi hasashe. Za ka tarar da allon tunawa, ni kuwa na daɗe a tsaye a wurin.

Mai Son Daji:
Ban ƙi ta Tsohon Matafiyi ba, sai dai ni dajin ya fi ɗauke mini hankali. UNESCO ta sanya tsibirin cikin wuraren kare halittu a 2012, kuma kudancinsa kurmi ne mai duwatsu masu tsini da akun da ake ji tun kafin a gan su. Idan ka je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ana raka baƙi da dare bakin tekun Praia Grande su ga kunkurun teku suna haƙa rami suna saka ƙwai, bisa sharaɗin ba a haska musu fitila mai ƙarfi.

Mai Neman Hutu:
Na gode muku. Yaya zuwa can yake?

Tsohon Matafiyi:
Ƙaramin jirgin sama ne daga Sao Tome, babban tsibirin ƙasar, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba, kuma kujerunsa kaɗan ne, saboda haka ka kama wuri da wuri. Ka riƙe dobra, wato kuɗin ƙasar, ko yuro a hannu, ka tafi da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ka kuma koyi gaisuwa da harshen Fotugal, don a Santo Antonio, babban garin tsibirin, ba kowa zai fahimci Turancinka ba.