Dokina ya cika zabura, me zan yi?

Sabon Mahayi: Salam 'yan uwa. Ingarmana ko babur ya wuce sai ya zabura yana neman tsinke turke, ga hawan sallah ya matso wallahi abin na damuna. Gero da dawa nake cika masa safe da yamma.

Dan Barga: Malam ai hatsin ne ya yi yawa kuma ba ya aiki. Rage a hankali, kar ka canza rana daya cikinsa zai murda, ka kara masa ciyawa da harawa, ruwa kar ya yanke, sannan kilisa kullum da sassafe.

Tsohon Mahayi: Yaro kar ka dake shi. Ka rika kai shi yana jin ganga daga nesa har ya saba. Duba linzamin ma, kila yana ji masa ciwo.

Sabon Mahayi: Na gode Baba, gobe zan fara insha Allah.