Lissafin ruwa da iska a cikin kwal ya cije mini

Salamu alaikum 'yan uwa injiniyoyi. Daga Agege nake, ina aikin digiri kan yadda ruwa da iskar methane ke ratsa tsagogin kwal a ƙarƙashin ƙasa, irin na Enugu. Na gina lissafin a manhajar MATLAB bisa dokar Darcy, wadda ke bayyana yadda bambancin matsi ke tura ruwa ta cikin kafofin dutse. Da ruwa kaɗai, lafiya lau. Amma da matsi ya sauka, kwal ya fara sakin iskar da ya riƙe bisa lissafin Langmuir (mai nuna yawan iskar da kwal ke riƙewa a kowane matsi), sai amsar ta yi ta tsalle, har adadin ruwa kusa da rijiyar da ake zuƙo ruwa da iskar ya koma ƙasa da sifili. Rage tazarar lokaci tsakanin matakan lissafin bai hana ba. Ina zargin warware matsi da jiƙewa (wato adadin ruwan da ke cikin tsagogin) daban-daban da nake yi. In haɗa su lokaci guda ne? Don Allah a taimaka.