Mujalla ta karɓi maƙalata amma tana neman dala, ina mafita?

Malamin Sinadarai:
Assalamu alaikum jama'a. Ina koyarwa a wata jami'a a nan Legas. Wata mujalla ta ƙasar waje ta karɓi maƙalata kan gurɓatar ruwan rijiyoyi a Agege. Sai ga wasiƙa, wai in ina so kowa ya karanta kyauta sai na biya kuɗin wallafa da dala. Tun da aka saki naira a 2023 irin wannan kuɗi ya fi ƙarfin albashin malami. In kuma ban biya ba za a kulle ta, ko ɗalibaina ba za su iya buɗewa ba, balle jami'an lafiya na ƙaramar hukuma da na yi aikin dominsu. Ga lokacin ƙarin girma ya matso. An ce in je laburare, ni kuwa a sanina aron littafi ake yi a can. Da gaske suna da abin yi?

Hajiyar Laburare:
Wa alaikumus salam Dakta. Aron littafi kawai? Allah ya huci zuciyata! Wannan ai aikinmu ne na kullum.

Yadda ka bayyana, mujallar taka mai ƙofa biyu ce: ko ka biya a buɗe, ko a buga ba ko sisi amma sai mai rajista ya karanta. Ɗauki ta biyun. Sai ka kawo mana kwafinka na ƙarshe, wanda ka gyara bayan masu tantancewa sun gama, kafin mujallar ta sa masa tambarinta da tsarin shafukanta. Shi muke ɗorawa a ma'ajiyar bincike ta jami'a da ke intanet, kowa ya sauke kyauta. Jami'ar Legas da ke Akoka tana da irinta a kan manhajar DSpace, haka ma jami'o'i da dama. Wasu mawallafa kan ce a jira, sau da yawa wata 12, kafin a buɗe. Muna duba sharaɗin kowace mujalla a shafin da aka sani da Sherpa Romeo, wanda yanzu ya koma Open Policy Finder.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne malamai sai sun sa hannu a takardar miƙa haƙƙin mallaka sannan su zo, wani ma ya goge kwafin nasa daga kwamfuta. Kada ka sa hannu sai mun karanta tare. Kuma ka rubuta musu ka nemi rangwame, mawallafa da yawa suna ragewa marubuta daga ƙasashe irin namu, amma galibi tun lokacin tura maƙala ake nema.

Tsohon Farfesa:
Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara, ɗana, ka kiyayi masu turo imel suna kiranka babban masani, su ce za su buga cikin mako guda. Na zauna a kwamitin ƙarin girma, na ga an soke wa mutum maƙaloli a gaban idonsa saboda mujallun na bogi ne. Da can muna duba jerin mujallun da ake zargin na bogi ne wanda Jeffrey Beall, wani ma'aikacin laburare a Amurka, ya tattara, ya rufe shi a 2017. Yanzu ka nemi sunan mujalla a DOAJ, kundin tantattun mujallun da ake karantawa kyauta, wanda aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003. Mafi yawan mujallun cikinsa ba sa karɓar kuɗi daga marubuci. Aiki kan rijiyoyin Agege kuwa, ni da a AJOL zan nema masa gida, inda mujallun Afirka suke. Sai dai ka fara tambaya ko jami'arku ta dage sai mujallar da ke Scopus, wato wani babban kundin mujallun ilimi na duniya.

Malamin Sinadarai:
Na gode, ranka ya daɗe. Hajiya, ban sa hannu ba tukuna, kwafin ma yana nan. Me zan zo da shi?

Hajiyar Laburare:
Alhamdu lillahi. Ka je laburaren jami'arku ka nemi sashen da ke kula da ma'ajiyar bincike. Ka tafi da kwafin, da wasiƙar karɓa, da takardar yarjejeniyar, da lambarka ta ORCID, wato lambar shaidar mai bincike. In ba ka da ita, kyauta ce, nan take za su buɗe maka. Ka yi sammako dai, kafin wuta ta ɗauke.