Neman kalmar Hausa: me za mu kira mazubin tanar mai fatsa?

Jama'a, assalamu alaikum. Kwana uku ke nan muna juya wannan magana, ina ganin lokaci ya yi da za mu tsayar da ita.

Ga inda ta samo asali, saboda waɗanda suka shigo daga baya. Ƙanena yana fatsa a Gulbin Rima, wajen Kwalkwalawa, wani lokaci ya bi abokansa zuwa madatsar Goronyo. Ya ga bidiyon Turawa masu kamun kifi a jirgi, suna zuba tanarsu a wani ƙaramin mazubi da suke kira bait box. Ya ce mini: "Yaya, mi ne na sunan wanga abu da Hausa?" Na buɗe baki, ban sami abin faɗa ba. Ƙugiya muna da ita, fatsa da mamari da homa da taru duk namu ne, abin da ake sawa a bakin ƙugiya kuma ƙoto ne. Amma mazubin da zai riƙe tana da ranta tun asuba har la'asar, sai dai a ce gwangwani.

Gwangwanin nan kuwa shi ne ya cuce mu. A watan Afrilun bara na bi shi Goronyo. Mun sha wahalar haƙo tana a fadama, don da rani nisa take yi cikin ƙasa tana bin laima. Muka cika gwangwanin madara, muka ajiye a gaban kwale-kwale. Wanda ya san Sakkwato ya san zafin Afrilu yakan haura digiri 40. Kafin hantsi ya dubi ludayi ƙarfe ya ɗau zafi, tana ta narke ta koma wani abu mai wari, ga laka ta ɓata mana hannu da igiya da cikin jirgi. Da tarwaɗa biyu muka koma gida.

Tana da fatarta take numfashi. Fatar ta bushe, ta mutu. Aka nutsar da ita cikin ruwan da ya ɗumama ya kwanta, nan ma ba ta daɗewa. Guda ɗaya ta mutu aka bar ta, sai ta ruɓe ta ja sauran. Gishiri, sabulu, fetur da baƙin man inji duk guba ne a gare ta. Ke nan duk sunan da za mu zaɓa, ya kamata wanda ya ji shi ya gane cewa mai rai ne a ciki.

Shawarar da ta fi yawa ita ce "akwatin ƙoto". Fassara ce kai tsaye, ba ta da laifi a nahawu. Na kai wa Kawu, wanda ya tsufa cikin kamun kifi, ya girgiza kai ya ce: "Ɗana, akwati na tufafi na. Abin da ad da rai ba a sa shi akwati." Na tsaya na duba, gaskiya ya faɗa. Akwatin lefe, akwatin zaɓe, akwatin gawa: duk abu ne da ake rufewa ruf a bar shi. Yaron da aka ce wa akwati zai danne murfi ya hana iska shiga. Sannan ƙoto ya yi faɗi, don gara da hanjin kaza da ƙananan kifi duk ƙoto ne, kuma ba kulawarsu ɗaya ba.

"Ma'ajiyar tana" ta yi kama da maganar ofis. Ba na jin wani Basarke zai furta ta a tsakiyar gulbi. "Gidan tana" kuma ai ramin da take ciki a fadama ne.

Wadda ta daɗe a raina ita ce "randar tana", da wata baiwar Allah daga Wurno ta kawo. Hujjarta mai ƙarfi ce: babban abokin gabarmu zafi ne, randa kuwa sanyi muka san ta da shi. Ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska na busar da shi, ciki na yin sanyi. Da wannan hikimar ce Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya sami kyautar Rolex a 2000. Lalle ƙaramar tukunyar ƙasa da aka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu ta fi kowane gwangwani. Abin da ya hana ni karɓar sunan ɗaya ne: randa ta ruwa ce. Ka ce wa yaro randar tana, zai tula mata ruwa, alhali laima take so, irin ta ƙasar da za ka matsa a hannu ta dunƙule ba tare da ta ɗiga ba.

Ni dai na tsaya a kan "akurkin tana".

Duk Bahaushe ya san akurki. Na mai rai ne. Ana bar masa kafar iska, ana kai shi inuwa, ana share shi, in kaza ta mutu a ciki ba a barin ta ta kwana. Waɗannan su ne ƙa'idojin riƙon tana a jirgi, ba ragi: a huda murfi ƙananan huji, a tura mazubin ƙarƙashin mazauni inda rana ba ta bugu, a riƙa tsoma buhun da aka rufa masa a gulbi duk sanda ya bushe, a tsince matattu da waɗanda suka tsinke da zarar an gan su. Wani ya ce akurki busasshe ne. Na yarda, a nan randa ta fi shi. Amma gara a ƙara wa yaro bayanin yayyafi a kan a yi ta hana shi cika ruwa.

Abin da ake zuba mata a ciki kuma mu ce "shimfiɗa". Turawa gansakuka suke sawa ko yagaggiyar jarida mai laima. Mu ruɓaɓɓen ganye daga lambu ya wadatar, ko kwali da aka jiƙa aka matse. Amfanin shimfiɗa a kan laka babba ne: tana ta kwana ɗaya ko biyu a ciki, sai ta fitar da ƙasar cikinta, jikinta ya yi ƙwari, ta fi zama a ƙugiya, hannu ma bai ɓaci ba. Da wannan hannun kake cin abinci a jirgi, da shi kake alwala.

Gargaɗi ɗaya ga masu kallon bidiyo. Za ku ga 'yan Amurka na sa tanarsu a firji ko kusa da ƙanƙara. Tasu babbar tana ce ta ƙasar sanyi, da yawa daga Kanada ake tsinto ta da dare. Tamu 'yar ƙasar zafi ce, inuwa da laima take buƙata, ƙanƙara illa za ta yi mata.

Akwai irin mazubin da Turawa suke yi mai murfi sama da ƙasa, saboda tana kullum gindi take nutsawa, sai a kifa mazubin a buɗe ɗaya ɓangaren a same ta a sama ba sai an tona ba. Ƙanena ya yi nasa da guntun bututun roba, ya kira shi akurki mai baki biyu. Jiya da yamma na ji Kawu yana ƙwala masa kira daga bakin gulbi: "Kai, ɗauko akurkin ga, mu tai."