Autanmu zai shiga tseren keke na kwana uku, in sa hannu ko in hana?

Tela na Herwagana:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni tela ne a Herwagana, cikin garin Gombe, kuma tun da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa shekara huɗu da suka wuce, ni ke riƙe da ƙannena. Autanmu shekararsa 17, saura shekara ɗaya ya gama sakandare. Yaron nan ba shi da zance sai na keke. Da tsohon baƙin keken Baba ya fara, yana kai mini ɗinki wurin masu aikin wuya a Jekadafari da Bolari. Bara ya tara ɗan abin da nake ba shi na guga da sa maɓalli, na cika masa, muka sayi keken tsere na gwanjo, mai lanƙwasasshen kai da siraran tayoyi. Tun daga ranar, ana sallame sallar asuba yake ficewa. Ranar Asabar yakan je Kumo ya dawo ban gama share shago ba.

To yanzu kocinsu ya ce in an yi hutun Disamba za su haɗu da yaran Bauchi da na Filato, su yi tsere kwana uku a jere. Rana ta farko daga Gombe ta Kumo da Billiri har Kaltungo, ta biyu su hau hanyar Tula, ta uku su dawo gida. An ba shi takarda ya kawo in sa hannu. Yau kwananta biyar a aljihuna.

Abu biyu ke damuna. Na farko, ya ce mini wai mutum zai iya cinye gasar gaba ɗaya ba tare da ya zo na ɗaya ko rana guda ba. Na juya maganar nan na kasa gane ta, kuma ba na son in sa hannu a kan abin da ban fahimta ba. Na biyu shi ne jikinsa. Yaron siriri ne kamar sillen kara. Inna cewa take keken nan tsotse shi yake yi, in ya dawo daga atisaye sai ya share kwano biyu na tuwo ya kwanta kamar wanda aka zare wa laka. In yini ɗaya yana yi masa haka, ina ga kwana uku? Ba na son in kashe masa gwiwa, domin ban taɓa ganin ya riƙe wani abu da gaske kamar wannan ba, amma amana ce a hannuna. Duk wanda ya san harkar nan don Allah ya yi mini bayani.

Tsohon ɗan tsere, Yalwan Tudu:

Wa alaikumus salam. Malam tela, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya saka maka da alheri kan riƙon zumunci. Na yi tseren keke ina saurayi a nan Bauchi, yanzu furfura ta cika gemu, amma har gobe ina fita da yara hanyar Dass ranar Lahadi.

Ƙanenka gaskiya ya faɗa maka. A tseren zango-zango, agogo ake bi. Kowace rana ana rubuta lokacin da kowa ya ɗauka, a tara, wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ne zakara. Ka ɗauka wani ya zo na ɗaya ranar farko da ratar minti ɗaya, kashegari a kan dutse ya galabaita ya yi asarar minti takwas. Wani kuma kullum na huɗu ko na biyar yake zuwa, amma bai taɓa barin na gaba su ɓace masa ba. Na biyun ne zai ɗauki kofi. Ko a babbar gasar Faransa, Tour de France, wadda ake yi tun 1903, zango 21 cikin mako uku, hakan ta faru: Chris Froome ya lashe ta 2017 bai ci zango ko ɗaya ba, haka ma Egan Bernal ɗan Kolambiya a 2019, yana da shekara 22. A 1989 kuwa, bayan sun yi tafiyar fiye da kilomita 3,000, daƙiƙa 8 kacal ce ta raba Greg LeMond da Laurent Fignon. Wanda ke kan gaba a jimilla shi ke sa riga mai ruwan ɗorawa, matashin da ya fi sauran matasa kuma a ba shi farar riga.

Akwai wata ƙa'ida da ya kamata ka sani: duk waɗanda suka tsallake layi a dunƙule, lokaci ɗaya ake rubuta musu, ko kai ne na biyu ko na talatin. Shi ya sa muke cewa ayari shi ne rai. Babban abokin gabar mai keke iska ce, ba dutse ba. In ka laɓe a bayan tayar wani, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinka ka adana. Yaro mai wayo yana zaune cikin ayari yana shan ruwa yana cin dabino, yaro mai zafin kai yana gaba yana sare wa kowa iska kyauta.

Ni na yi wannan wautar, kuma har yau tana yi mini ciwo. Karona na farko a tseren kwanaki, a hanyar Jos ne. Muna barin gari na ji ƙafafuna kamar ba nawa ba don sauƙi, sai na balle ni kaɗai. Mutanen ƙauyuka suna ta ɗaga mini hannu, na ɗauka na gama da kowa. Kafin Toro ruwana ya ƙare, ban ci komai ba tun koko da ƙosan safe. Wajen Tilde ayari ya zo ya wuce ni kamar ina tsaye, na kasa ko manne musu. Da dare na kasa cin abinci don gajiya, barci ma ya ƙi. Kashegari ban yi kilomita ashirin ba na sauka na shiga mota. Ba ƙarfi na rasa ba, na fi yawancinsu ƙarfi. Ban san cewa tseren gobe tun daren yau ake fara shi ba.

Saboda haka abin da za ka sa wa ido shi ne abin da zai yi tsakanin sauka daga keke da kwanciya. Cikin sa'ar farko ya ci abu mai nauyi, shinkafa da wake, ko taliya da ƙwai, ko fura da nono, ko da ba ya jin yunwa. Ya yi wanka, ya cire wandon tseren nan take. Bayan isha'i ya kwanta, a karɓe wayarsa. A kan keke kuma kada ya jira yunwa: kowane minti ashirin ko talatin ya jefa wani abu a baki, dabino biyu, rabin ayaba, ɗan burodi da zuma. Cin kwano biyun da Inna ke gani ba ciwo ba ne, jiki ne ke biyan bashi. Ranar da ya dawo ya ƙi abinci, ranar ce za ku damu.

Ni dai shawarata ka sa hannu. Shekara 17 zuwa 18 rukuninsu daban ne a dokar hukumar keke ta duniya, ba a haɗa su da manya, kuma zangonsu ba ya kai na manya tsawo. Ka tabbatar kocin ya kiyaye wannan.

Maman Yara, Tumfure:

Baba na Yalwan Tudu ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara girma. Amma ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na ga abin da hanya ke kawo mana, don haka ba zan ce a sa hannu haka kawai ba.

Malam, ka je ka sami kocin ido da ido. Wa zai tare hanya? An sanar da jami'an kiyaye haɗurra? Akwai mota gaba da baya? Akwai wanda ya iya taimakon gaggawa a cikinta? Hanyar Kumo zuwa Kaltungo kowa ya san tireloli da tankokin man da ke binta. Yaro talatin a dunƙule, taya na kusan taɓa taya, in ɗaya ya faɗa rami goma ne za su bi shi. Kuma hawan Tula ba ya ba ni tsoro kamar gangarowa. In babu amsa mai kyau ga waɗannan, ka mayar da takardar, ko zai yi mako yana fushi. Hular kwano kuma ba a sasantawa a kanta, mai kyau, wadda ba ta taɓa fashewa ba.

Disamba ya fi Afrilu sauƙin zafi nesa ba kusa ba, amma hunturu yana yaudara. Iska a bushe take, gumi na bushewa kafin ka gan shi, yaro sai ya ɗauka ba ya rasa ruwa. Ka koya masa duba fitsarinsa: in ya yi ja kamar shayi, ruwa bai ishe shi ba. Gora ɗaya ruwa zalla, ɗaya a jiƙa ruwan gishiri da sukari irin na kemis. In zazzaɓi ya kama shi a makon gasar, ko ya ce ya warware, ya haƙura. Kafin lokacin ma ka kai shi a auna jininsa, tunda kun ce siriri ne.

Sai abin da ya fi tsaya mini a rai. Wani cikin yaran zai iya miƙa masa ƙwaya ya ce tana kashe gajiya. Tramol ce. Hukumar keke ta duniya ta haramta ta a gasa tun 2019, saboda tana sa jiri da gyangyaɗi, ga ta da kama mutum. Ka zaunar da shi ka faɗa masa da bakinka, kada ka bar wa koci.

Ɗan Pantami:

Yaya don Allah ka bar shi ya je! Biniam Girmay ɗan Eritiriya yana da shekara 18 ya ci zango a gasar Gabon a 2019, da ƙwararrun Turawa a cikin ayarin. A 2024 ya ci zango uku a Tour de France ya tafi da koriyar riga ta wanda ya fi tara maki. Faransa tana da gasar matasa zalla ta kwanaki, Tour de l'Avenir, tun 1961. Bernal ya ci ta a 2017, Tadej Pogacar a 2018, bayan shekara bibbiyu kowannensu ya ɗauki babbar. Burkina Faso na yin tata tun 1987, Ruwanda na da tata mai zango takwas, har gasar duniya aka yi a Kigali a watan Satumba na 2025, karo na farko a Afirka. Mu ma Ese Ukpeseraye ta wakilce mu a wasannin Olamfik na Faris a 2024. Me zai hana na gaba ya fito daga Herwagana?

Tsohon ɗan tsere, Yalwan Tudu:

Ɗana na Pantami, na ji daɗin yadda kake bin harkar, kuma duk abin da ka lissafa haka yake. Sai dai kada mu ɗora wa yaron kayan da ya fi ƙarfinsa. A Eritiriya keke kamar ƙwallo yake a wurinmu, kusan kowane mako ana tsere a Asmara, yaro ya tashi cikinsa. Mu nan yaro kan yi wata da watanni bai ga layin tashi ba. Burin auta a wannan karon ɗaya ne: ya kai rana ta uku a kan kekensa. Kuma jarrabawarsa ta fita tana nan tafe, kada keke ya ci ta.

Mai gyaran keke, Wunti:

Ni ta ɓangaren ƙarfe zan yi magana. Keken gwanjo yakan zo da kacar da ta riga ta miƙe, a duba, in ta ci a canja tun yanzu don ta zauna kafin ranar. Robar birki sabuwa, gaba da baya, saboda Tula. Tayar keken tsere ba a samunta a ƙauye, ya riƙe tub biyu da ƙaramin famfo, kuma ya iya cire taya ya mayar da hannunsa. Kada a zuba wa kaca baƙin mai, da ƙurar hunturu sai ya zama kamar yashi. A goge ta da tsumma kowace yamma, a ɗiga mai kaɗan. Kada a taɓa tsayin sirdi ana saura kwana kaɗan, gwiwa ce za ta biya. Kuma ya sami wando mai soso guda biyu, yana sa ɗaya ana wanke ɗaya. Na ga yaro mai ƙarfi ya janye ranar ƙarshe ba don komai ba sai gwaɓewar cinya.

Tela na Herwagana:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan la'asar na je na sami kocin da tambayoyin Hajiya Maman Yara a rubuce a bayan takardar awo. Motoci biyu za su raka su, ya nuna mini takardar da ya kai wa jami'an hanya, ya ce ƙarfe bakwai za a riƙa tashi. Ma'aikacin lafiya ne bai samu ba tukuna. Na ce masa ranar da ya samu ya kira ni, a ranar zan sa hannu, ya kuma yarda in shiga motar baya kwana ukun. Maganar ƙwaya mun yi ta da auta a gaban Inna, ya yi alkawari. Na karanta masa labarin hanyar Jos na Baba na Yalwan Tudu sau biyu, ya yi shiru bai ce komai ba.

Rigarsa ba ta da aljihun baya, na yanka yadi zan ɗinka masa guda uku da roba a baki, na dabino da ayaba da tub. Wandon ne ban taɓa ɗinka irinsa ba. Malam na Wunti, don Allah in kana da tsoho a shago ka juya cikinsa ka ɗauko mini hoto, ina son in ga inda ɗinkin ya bi ya kauce wa tsakiya, da kaurin soson.