Musayar Waƙa: Duwatsun Noratus

Bazazzagi:
Ku zo mu je Noratus ta Armeniya,
Gaɓar tafkin Seban, can bisa tsauni.
Duwatsun kabari sun haura ɗari takwas,
Kowanne da gicciye da nasa launi.
Tun ƙarni na 10 ake sassaƙa su,
Tumaki ke kiwo tsakaninsu su wuni.

Ɗan Kurmi:
Bazazzagi, abin yabo ne ya ƙare
Sai gicciyen da ba naka ba?
Maƙabartar garinku ta zama daji,
Ko fartanya ba ka taɓa kai mata ba.

Bazazzagi:
An ce da sarki Taimur ya taso da yaƙi,
Ƙauyawan suka yi wa duwatsu aiki:
Kwalkwali bisa kai, takobi a jingine,
Ya hango runduna, ya juya doki.
Da Bakano ne a wurin, na rantse,
Da kwalkwalin ya tsaya yi wa ciniki!

Uwar Biyu: Allah ya ƙara basira, ɗan Zazzau! Yau Kano ta sha ƙasa.

Malam Na-Aruli: A yi yabo da adalci, Hajiya. Ɗangon "sun haura ɗari takwas" ya karya kari, gaɓoɓinsa sun yi yawa. Ku rera shi ku ji.

Uwar Biyu: Malam, da Bakano ne ya yi shi da ba ka ƙirga ba.

Malam Na-Aruli: Ni Bakatsine ne. Kari ba shi da gari.

Yaya Asabe:
Ku bar faɗa, ku dubi tsofaffin mata
A bakin kabari suna saƙar safa.
Maza sun tafi ci-rani Rasha,
Su za su haƙo dankali su dafa.
Noratus ce ta rage babba a yau
Tun da aka farfashe dubbai a Julfa.

Maƙabartar Julfa tana yankin Nahicheban na ƙasar Azarbaijan ne, a 2005 aka ƙarasa rusa ta. Abin yana sosa mini rai, ko kabarin wane ne.

Ɗan Kurmi: Afuwan, wuta aka ɗauke mana jiya.
Yaya Asabe, ke na saurara wa,
Baitinki ya sanyaya mini jiki.
Amma ɗan Zazzau, ka biya bashi,
Tun bara nake bin ka kuɗin taki.

Malam Na-Aruli: Yaya Asabe, "dafa" da "Julfa" sun zauna daram. Amma har yanzu babu wanda ya gyara mini "ɗari takwas". Bazazzagi, ina jira.